Cocin Amurka da ya sauke gicciye, ya ɗora tukunya

A tsakiyar birnin San Francisco na jihar Kalifoniya a Amurka, akwai wani coci da masu shigarsa domin cin abinci a kowane mako suka fi masu shigarsa domin ibada yawa nesa ba kusa ba.

Cocin, wanda ake kira Glide Memorial, yana raba abinci kyauta sau uku a rana, kwana 364 a shekara. Ba a tambayar mai karɓa addininsa, ko ƙasarsa, ko abin da ya jefa shi cikin halin da yake ciki.

Haka ma abin yake a ɗakin ibadarsa ranar Lahadi, inda ake ganin attajiri da marar matsuguni, baƙar fata da farar fata, Kirista da wanda bai yarda da kowane addini ba, duk a kan benci ɗaya.

Wannan manufa ta buɗe ƙofa ga kowa ba tare da gindaya sharaɗi ba ita ce ta sa cocin ya yi suna a ciki da wajen Amurka. Ita ce kuma ta jawo masa suka daga Kiristoci da dama, waɗanda ke ganin cewa a ƙoƙarin karɓar kowa, ya yi watsi da ginshiƙan addinin da aka kafa shi a kai.

A shekarar 2020 cocin ya raba gari da uwar ɗarikarsa ta United Methodist, a watan Afrilun 2024 kuma limamin da ya ɗora shi a kan wannan turba, Rabaran Cecil Williams, ya mutu yana da shekara 94.

Talauci a gindin arziki

San Francisco na cikin biranen da suka fi arziki da tsadar rayuwa a Amurka, saboda kusancinsa da manyan kamfanonin kwamfuta da intanet.

Sai dai kuma ƙidayar da hukumomin birnin suka yi a shekarar 2024 ta nuna cewa akwai mutum fiye da 8,000 da ba su da matsuguni. A shekarar 2023 kaɗai, mutum fiye da 800 ne suka mutu a birnin sakamakon shan miyagun ƙwayoyi fiye da kima, akasarinsu ta dalilin wata ƙwaya mai ƙarfin gaske da ake kira fentanil.

Unguwar da waɗannan matsaloli suka fi yi wa katutu ita ce Tenderloin, wadda ba ta da nisa da manyan kantuna da otal-otal na alfarma na birnin.

Unguwa ce ta tsofaffin gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai, inda talakawa da tsofaffi da baƙi 'yan ci-rani ke zaune. Akwai 'yan asalin Biyetnam da na ƙasashen Latin Amurka, akwai kuma Larabawa 'yan asalin Yaman da masallatansu.

A nan ne cocin Glide yake, a mahaɗar titunan Ellis da Taylor.

Dukiyar da aka keɓe

Wata attajira mai suna Lizzie Glide ce ta sayi filin a shekarar 1929, aka kuma buɗe cocin a 1931. Ta sa masa sunan ne domin tunawa da mijinta, wani mai dukiyar dabbobi da filaye wanda ya riga ta mutuwa.

Ta kuma keɓe dukiya a ƙarƙashin wata gidauniya, kwatankwacin abin da Musulmi ke kira waƙafi, domin a riƙa gudanar da wa'azin Kirista bisa koyarwar ɗarikar Methodist.

A shekarun farko, Glide coci ne na fararen fata masu ra'ayin riƙau kamar sauran takwarorinsa. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu hali sun yi ta ƙaura daga tsakiyar biranen Amurka zuwa sababbin unguwanni na bayan gari, lamarin da ya bar coci-coci da dama babu masu ibada.

Ya zuwa farkon shekarun 1960, masu halartar ibada a Glide ba su wuce mutum 35 ba, kamar yadda tarihin cocin ya nuna.

Zuwan Cecil Williams

A cikin wannan hali ne aka tura wani matashin limami baƙar fata, Cecil Williams, zuwa cocin a shekarar 1963.

An haife shi a 1929 a garin San Angelo na jihar Texas, a zamanin da doka ta raba baƙaƙe da farare a makarantu da motocin haya da wuraren cin abinci, har ma da coci-coci. Yana cikin baƙaƙen fata biyar na farko da suka kammala karatu a makarantar tauhidi ta Perkins da ke birnin Dallas, a shekarar 1955.

Mutumin da ya taso ana rufe masa ƙofa saboda launin fatarsa, sai ya ƙudiri aniyar cewa ba za a rufe wa kowa ƙofar cocin da yake jagoranta ba.

Ya fara da gayyato mutanen da ke kwana a bakin titin cocin: mashaya, da karuwai, da matasan da suka gudu daga gidajen iyayensu. Da yawa daga cikin tsofaffin mambobin sun fice cikin fushi, amma waɗanda suka maye gurbinsu sun ninka su. Daga baya cocin ya ce mambobinsa sun haura 10,000.

Mr Williams bai tsaya a kan mumbari kawai ba. Ya shiga gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata, ya yi adawa da yaƙin Biyetnam, ya kuma bai wa ƙungiyoyin da hukuma ke yi wa kallon masu tsattsauran ra'ayi, irin su Black Panthers, damar yin taro a cocin.

A shekarar 1974, lokacin da wasu 'yan bindiga suka sace Patty Hearst, jikar wani hamshaƙin mai jaridu, suka kuma buƙaci a raba wa talakawa abinci kafin su sake ta, yana cikin waɗanda suka shiga tsakani.

A duk wannan aiki yana tare da Janice Mirikitani, wata marubuciyar waƙoƙi 'yar asalin Japan, wadda tana jaririya aka tsare ta da iyayenta a sansanin da gwamnatin Amurka ta killace Japanawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta fara aiki a cocin a 1965 a matsayin mai buga tafireta, ta auri Mr Williams a 1982, kuma ita ce ta tsara akasarin shirye-shiryen agajin cocin har zuwa mutuwarta a 2021.

Ibada ko biki?

Matakin da ya fi tayar da ƙura shi ne wanda Mr Williams ya ɗauka a shekarar 1967, lokacin da ya sa aka sauke gicciyen da ke cikin ɗakin ibada.

Gicciye dai shi ne babbar alamar addinin Kirista, domin mabiyansa sun yi imani da cewa a kansa ne aka kashe Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, domin ceton 'yan Adam. Saboda haka cire shi daga coci ba ƙaramin al'amari ba ne.

Hujjar limamin ita ce, jama'a sun mayar da gicciyen alamar mutuwa, alhali abin da yake so mabiyansa su sa a gaba shi ne rayuwa, da kuma wahalar da mutane ke sha a wajen ginin.

Daga nan ne salon ibadar ya sauya baki ɗaya. An ajiye tsofaffin littattafan waƙoƙin yabo, aka kawo makaɗa masu ganguna da ƙaho da jita, tare da ƙungiyar mawaƙa mai mutum gommai, suna rera waƙoƙin da suka samo asali daga coci-cocin baƙaƙen fata na kudancin Amurka.

Sunan taron ma an canza shi. Maimakon a ce ibadar Lahadi, sai ake kiransa biki.

A yayin taron akan haska hotunan zanga-zanga da na fitattun 'yan gwagwarmaya a jikin bango. Akan kuma bai wa mutane dama su tashi su ba da labarin kansu: wanda ya daina shan ƙwaya ya faɗi adadin kwanakin da ya yi bai sha ba, wanda ya fito daga kurkuku ya bayyana yadda yake neman aiki, jama'a kuma su tafa masa.

Wa'azin yakan taɓo Littafi Mai Tsarki, amma ya fi karkata ga batutuwan yau da kullum, kamar tsadar gidajen haya, da cin zarafin da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙen fata, da halin da baƙin haure ke ciki.

Shugabannin cocin na alfahari da cewa a cikin mahalarta akwai Yahudawa da Musulmi da mabiya addinin Buda da waɗanda ba su da addini, kuma ba a neman kowa ya sauya aƙidarsa.

Taron ya zama abin kallo ga masu yawon buɗe ido, kuma fitattun mutane irin su tsohon shugaban Amurka Bill Clinton, da Oprah Winfrey, da marubuciya Maya Angelou, duk sun halarce shi.

Tukunyar da ba ta sauka

Rabon abincin ya faro ne a shekarar 1969, a matsayin cin abincin dare sau ɗaya a mako, inda 'yan sa-kai ke ciyar da mutum kimanin 50. A 1980 aka mayar da shi sau uku a rana.

A cewar cocin, a 'yan shekarun nan yana raba kwano kusan 2,000 a kowace rana, kuma dubban 'yan sa-kai ne ke taimakawa a shekara, daga ɗaliban makarantu zuwa ma'aikatan manyan kamfanoni.

Ga masu gudanar da shirin, kwanon abincin mashiga ce kawai. Wanda ya zo cin abinci yau, gobe ana iya shawo kansa ya ga likita, ko ya nemi taimakon lauya, ko a sa sunansa cikin masu jiran gida.

Da hodar ibilis nau'in da ake zuƙa ta addabi unguwannin baƙaƙen fata, cocin ya shirya babban taro a kan matsalar a 1989, ya kuma kafa shirye-shiryen taimaka wa masu son dainawa.

A daidai wannan lokaci, yayin da wasu masu wa'azi ke bayyana cutar ƙanjamau a matsayin azabar Ubangiji, Glide ya kasance cikin coci-cocin farko a Amurka da suka fara yi wa jama'a gwajin cutar a harabarsu.

A 1997 ya buɗe ƙaramin asibiti na kyauta, a 1999 kuma ya buɗe wani bene na gidaje masu rahusa kusa da cocin. Akwai kuma wurin renon yara, da cibiyar matan da mazajensu ke duka, da wani shiri na musamman domin mazan da ke dukan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci gajiyar cocin shi ne Chris Gardner, wanda a farkon shekarun 1980 ya rasa matsuguni shi da ƙaramin ɗansa, ya riƙa bin layin abincin Glide, kafin daga baya ya zama attajiri a harkar hannayen jari. Labarinsa ne aka mayar fim a 2006 mai suna The Pursuit of Happyness, wanda Will Smith ya fito a ciki.

Tushen aƙidar

Ko da yake salon Glide ya fita daban, tunanin da ke bayansa yana da tsohon tarihi a addinin Kirista.

Wanda ya kafa ɗarikar Methodist a Ingila a ƙarni na 18, John Wesley, ya yi wa'azi ga ma'aikatan haƙar kwal da fursunoni, ya yi adawa da cinikin bayi, ya kuma koyar da cewa tsarkin zuciya ba ya cika sai an gan shi a mu'amala da jama'a.

A farkon ƙarni na 20, wani limami a Amurka mai suna Walter Rauschenbusch, wanda ya yi aiki a wata unguwar talakawa ta birnin New York, ya faɗaɗa wannan tunani. A ganinsa, zunubi bai tsaya ga abin da mutum ɗaya ke aikatawa ba, har da tsarin da ke sa ma'aikaci ya wuni yana aiki amma ya kasa ciyar da iyalinsa.

A shekarar 1908 'yan Methodist na Amurka suka amince da wata sanarwa da ke neman a hana sa yara aikin ƙarfi, a kuma biya ma'aikata albashin da zai ishe su.

Martin Luther King ya bayyana cewa rubuce-rubucen Rauschenbusch sun yi tasiri a kansa. A ƙarshen shekarun 1960 kuma malaman tauhidi irin su James Cone a Amurka, da Gustavo Gutierrez a Peru, suka fito da abin da ake kira tauhidin 'yantarwa, wanda ke cewa Allah na tare da wanda aka zalunta.

Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da babi na 25 na Linjilar Matta, inda aka nuna cewa a ranar hisabi za a duba yadda mutum ya yi da mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku.

Bambancin da suke yi shi ne tsakanin sadaka da adalci. Sadaka ita ce a ciyar da mayunwaci, adalci kuwa shi ne a tambayi dalilin da ya sa yake cikin yunwa a gari mai arziki. Wannan ne ya sa Glide ke da sashe na musamman da ke bibiyar dokoki a majalisar birni da ta jiha, yana kuma yi wa talakawa rajistar zaɓe.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Baikon da ake tarawa ranar Lahadi ba zai iya ɗaukar nauyin waɗannan ayyuka ba. Gidauniyar Glide na samun kuɗi ne daga kwangilolin gwamnatin birni, da kamfanoni, da kuma masu hannu da shuni.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Warren Buffett, ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya, wanda matarsa ta farko, Susan, ta yi aikin sa-kai a cocin, ta kuma haɗa shi da Mr Williams.

Daga shekarar 2000, Mr Buffett ya riƙa sa damar cin abincin rana tare da shi a gwanjo, ana miƙa wa Glide abin da aka samu. A karon farko dala 25,000 aka biya. Da aka mayar da gwanjon shafin eBay na intanet, sai farashin ya yi ta hauhawa.

Wani mai harkar zuba jari, Ted Weschler, ya yi nasara a 2010 da 2011, inda ya biya fiye da dala miliyan 2 da rabi a kowane karo, daga baya kuma Mr Buffett ya ɗauke shi aiki.

A gwanjon ƙarshe a 2022, wani da bai bayyana sunansa ba ya biya dala miliyan 19. Jimillar abin da aka tara a gwanjo 21 ya haura dala miliyan 53. A 2024 shugaban kamfanin Salesforce, Marc Benioff, ya karɓi ragamar, amma abin da aka samu a shekarar, dala miliyan 1 da rabi, bai kama ƙafar na baya ba.

Wasu masu lura da al'amura na ganin akwai abin dubawa a nan: coci mai wa'azi a kan rashin adalcin tsarin tattalin arziki, amma yana dogaro da waɗanda suka fi kowa cin moriyar tsarin.

Ƙorafin masu suka

Batun da ya fi raba Glide da Kiristoci masu ra'ayin riƙau shi ne matsayinsa a kan 'yan luwaɗi da maɗigo.

Tun a 1964, lokacin da dokar Kalifoniya ke hukunta masu wannan ɗabi'a, limaman Glide na cikin waɗanda suka kafa wata majalisar tattaunawa tsakanin coci da su. Mr Williams ya riƙa sa albarka ga zaman masu jinsi ɗaya shekaru da dama kafin Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin wannan aure a 2015.

Ɗaya daga cikin limaman cocin, Karen Oliveto, ita ce a 2016 ta zama bishop ta farko a ɗarikar United Methodist da ta fito fili ta ce tana auren mace 'yar'uwarta.

Ga mabiya Glide, wannan ci gaba ne na manufar ƙin rufe wa kowa ƙofa. Ga masu adawa kuwa, saɓa wa nassin Littafi Mai Tsarki ne ƙarara, kuma suna cewa akwai bambanci tsakanin karɓar mai zunubi da amincewa da zunubin.

Akwai kuma taƙaddama a kan yadda cocin ke hulɗa da mashaya. Ma'aikatansa na raba sababbin allurai ga masu yi wa kansu allurar ƙwaya, da kuma maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta sumar.

Hujjarsu ita ce, yin amfani da allura ɗaya tsakanin mutane da yawa na yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta, kuma sai mutum na da rai ne zai iya tuba ya daina. Amma wasu mazauna unguwar da 'yan kasuwa na ƙorafin cewa irin waɗannan shirye-shirye na ƙara tara mashaya a Tenderloin.

Shi kansa Mr Williams bai tsira daga zargi ba. Yana cikin manyan mutanen San Francisco da suka yaba wa Jim Jones, wani mai wa'azi da shi ma ya yi suna wajen haɗa baƙaƙe da farare da taimakon talakawa, kafin ya kwashe mabiyansa zuwa ƙasar Guyana, inda fiye da mutum 900 suka hallaka a watan Nuwamban 1978, akasarinsu ta hanyar shan guba bisa umarninsa.

Rabuwa da uwar ɗarika

Abin mamaki shi ne, ba batun auren jinsi ne ya raba Glide da United Methodist ba. Bishop ɗin yankin a lokacin, Minerva Carcano, ita ma tana cikin masu sassaucin ra'ayi a kan batun.

Rikicin ya taso ne a kan tambayoyi biyu: wa ke da iko da cocin, kuma shin abin da ake yi a cikinsa ibadar Kirista ce?

A shekarar 2018 bishop ɗin ta janye limaman da ɗarikar ta tura cocin. Ta yi zargin cewa taron Lahadi ya fi kama da wasan kaɗe-kaɗe mai faranta rai, cewa ba a gudanar da baftisma da Jibin Ubangiji yadda ɗarikar ta tanada, kuma Mr Williams, wanda ya yi ritaya a hukumance tun 2000, shi ne ke ci gaba da juya al'amura.

Shugabannin gidauniyar sun musanta zargin, suna cewa ana so ne a mayar da hannun agogo baya, a kuma karɓe dukiyar da aka tara domin talakawa.

A ƙarshen shekarar maganar ta kai kotu, inda ɗarikar ta kafa hujja da sharuɗɗan da Lizzie Glide ta gindaya a kan dukiyarta.

An sasanta a 2020. Glide ya riƙe gininsa, ya zama coci mai zaman kansa, ita kuma ɗarikar ta karɓi asusun da Lizzie Glide ta bari, tare da ƙarin wasu kuɗi.

Daga Amurka zuwa Taraba

Ficewar Glide ta zo ne a daidai lokacin da ita kanta ɗarikar ke fama da rikici mafi girma a tarihinta, wanda ya shafi Najeriya kai-tsaye.

Tun 1972 dokokin United Methodist suka bayyana cewa luwaɗi da maɗigo sun saɓa wa koyarwar Kirista. A babban taron 2019 an ƙara tsaurara dokar da ƙuri'a 438 a kan 384, kuma ƙuri'un wakilan Afirka sun taka muhimmiyar rawa.

Amma da yake coci-coci da dama a Amurka sun ƙi bin dokar, masu ra'ayin riƙau ne suka gaji suka fice. Sun kafa sabuwar ɗarika mai suna Global Methodist a 2022, kuma ya zuwa ƙarshen 2023, coci fiye da 7,600, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na coci-cocin ɗarikar a Amurka, sun ɓalle.

A watan Mayun 2024 babban taron ɗarikar ya soke haramcin, bayan ya amince da tsarin da zai bai wa kowane yanki na duniya damar tsara wasu dokokinsa. A cikin watan ne reshen ƙasar Kodebuwa ya kaɗa ƙuri'ar ficewa.

A Najeriya, inda ɗarikar ta fi ƙarfi a jihar Taraba, kuma inda doka ta haramta auren jinsi tun 2014, Bishop John Wesley Yohanna ya sanar da komawa Global Methodist a watan Yulin 2024. Wasu mabiyan sun bi shi, wasu kuma sun tsaya, suna cewa za su ci gaba da bin koyarwar cewa aure tsakanin namiji da mace ne, ba tare da sun bar ɗarikar ba.

Taƙaddama a kan mallakar gine-gine ta biyo baya, kuma a watan Disambar 2024 an samu asarar rayuka a wani rikici tsakanin ɓangarorin biyu a ƙaramar hukumar Karim Lamido.

Bayan Williams

Glide na fuskantar sabon yanayi ba tare da mutanen biyu da suka gina shi ba, ba kuma tare da gwanjon Mr Buffett ba.

Ra'ayin jama'ar birnin ma ya sauya. Bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Yunin 2024 cewa birane na da ikon hukunta masu kwana a wuraren jama'a, hukumomin San Francisco sun ƙara ƙaimi wajen rushe tantunan marasa matsuguni.

A fagen addini kuma, binciken cibiyar Pew ya nuna cewa Amurkawan da ke kiran kansu Kirista sun ragu daga kashi 78 cikin 100 a 2007, zuwa kashi 62 a binciken 2023 da 2024, yayin da waɗanda ba su danganta kansu da wani addini suka kai kashi 29.

Magoya bayan Glide na cewa salonsa ne zai iya jawo irin waɗannan mutane da suka juya wa coci baya. Masu suka kuma na cewa idan aka cire aƙida daga wurin ibada, abin da zai saura ƙungiyar agaji ce mai mawaƙa.

Birnin San Francisco dai ya riga ya nuna matsayinsa game da mutumin da ya jawo muhawarar, domin tun a 2013 ya sa wa ɓangaren titin Ellis da ke gaban cocin sunan Cecil Williams. Amma tambayar da ta kai Glide kotu, wato ina iyakar buɗe ƙofa ga wurin ibada, har yanzu tana raba kan Kiristoci daga Kalifoniya har zuwa Jalingo.